Baba Ya Ce

Litinin, 5 ga Fabrairu

Néstor ya kawo mana baƙuwa. Ƙanena ne, ni na yi rainonsa, amma tun da aka ɗora shi a kujerar babban manaja ya daina tambayata kafin ya yi abu. Mace ce daga Bogotá, babban birni, sunanta Ximena Cuéllar, wai sana'arta ta shiga kamfani ta gano ciwonsa ta sake masa tsari. Sai rawar jiki ake yi, Doctora kaza, Doctora kaza. A garin nan duk wanda ya sauko daga jirgin Bogotá da jaka a hammata ya zama doctora, wato dakta.

Shekara arba'in da ɗaya muna ɗinka takalman mata a Bucaramanga. Ciwon me? Ƙafarta na fara duba kafin fuskarta. Roba ce aka yi mata fentin fata, gam har ya fara leƙowa ta gefen dunduniya. Wannan ce za ta koya mana aiki.

Ta ce za ta zauna da mu huɗun da ke riƙe da kamfanin, ɗaya bayan ɗaya: Néstor, Gilberto na talla, Maritza mai zana takalma, da ni mai ɗakin aiki da mutum sittin. Daga nan ta bi ma'aikata. Wai abin da aka faɗa mata a ɗaki, a ɗaki zai tsaya. Mun ji.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Awa biyu ta cinye mini. Ina da fatar da ta iso da tabo, ina da keken ɗinki biyu a tsaye, ita kuma tana juya cokali a kofi tana murmushi.

"Doña Amparo, ki bi da ni hanyar da takalmi yake bi daga takarda har kanti."

Na faɗa mata abin da ko mai gadi ya sani. Maritza ta zana, a yi samfur. Ranar Juma'a a sa a kwali. Ranar Lahadi in kai gidan Baba, bayan coci da cin abinci mu koma barandar baya, Baba, wanda kowa ke kira Don Ovidio Villamizar, ya ɗauki takalmi ya lanƙwasa tafinsa, ya shinshina fatar, ya bi ɗinkin da babban yatsa. In ya ce e, a yanka fata. In ya ce a'a, magana ta mutu. Litinin in kawo amsa. Haka ake yi tun kamfanin yana ɗaki ɗaya.

"Wa yake barandar banda ke?"

Na ce ba kowa. Ta rubuta. Kalma biyu na faɗa, ta cika rabin shafi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Koren takalmin da Maritza ta zana ya sake shiga kwali. Karo na huɗu ke nan. Dunduniya gajera mai faɗi, igiya ɗaya a idon sawu, kore kamar ɗanyen lemo. Maritza ta biyo ni har bakin mota.

"Doña Amparo, don Allah ki roƙa mini Don Ovidio ya ƙara dubawa. In ba mu yanka fata cikin Maris ba, ranar iyaye mata ta wuce mu."

Kamar ni ce ban san watan Mayu ne ke ciyar da mu rabin shekara ba. Shekararta shida a nan. Ni ina 'yar shekara goma sha huɗu na fara shafa gam.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda littafin nan ba ya da baki.

Baba bai taɓa takalmi ba shekara uku. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama yake kwance a cinyarsa, kuma da hannu ɗaya ba a lanƙwasa tafin takalmi. Lahadin farko da ya dawo daga asibiti na buɗe masa kwali, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya fuska wajen bishiyar gwaba.

"Ke ki duba, mija, 'yata."

Na duba. Litinin na shiga ɗakin aiki, mutum sittin sun zuba mini ido suna jira su ji ko tsohon yana nan da ransa da hankalinsa. Me zan ce musu? Na ce Baba ya ce a yanka baƙin, a ajiye jan. Na ga yadda kafaɗu suka sauka. Tun daga ranar shi ke nan.

Ba na jin na yi laifi. Na san abin da zai faɗa fiye da shi kansa. Kuma a kamfanin nan in Amparo ta ce a'a, sai an tambaye ta dalili, sai Néstor ya jawo takardar jami'arsa, sai Gilberto ya yi dariya. In Baba ya ce a'a, ko tari ba a yi.

Yau ma haka. Aka sha miyar mute, Néstor ya kwashi iyalinsa ya tafi, na tura keken Baba baranda. Yana gyangyaɗi, ina duba kwali. Koren ba zai shiga ba. Matanmu ba sa sa kore.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na ce wa Maritza Baba ya ce a'a. Ta ce, "To." Ko dalili ba ta tambaya ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Doctora tana kusurwa da littafinta kamar mage.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

An kwashe mu zuwa wani gidan gona a Mesa de los Santos, yini guda, wai mu yi nesa da hayaniyar aiki. Hayaniyar aikin ce ta saya musu motocin da suka hau.

Da safe wasan yara. Ƙananan takardu masu launi, kowa ya rubuta abin da yake alfahari da shi ya manna a bango. Gilberto ya rubuta "gashin bakina". Na yi dariya ban so ba.

Bayan an ci gasasshiyar akuya ta fito da abin da ta zo da shi. Ta zana kamfanin a babban allo, akwati-akwati, kowa da sunansa. Sannan ta ɗauko jan zare da ƙananan ƙusoshi. Manyan shawarwari goma na bara, ta bi kowace da zare, daga inda ta taso zuwa inda aka yanke ta. Tara suka fita daga allon gaba ɗaya, suka haye bango, suka ƙare a wata 'yar takarda da ta manna kusa da taga. A jiki ta rubuta "Lahadi". Kuma duk zaren, kafin ya fita, sai ya ratsa ta kan sunana. Sunan ma ba ya karantuwa don ja.

"Ba mutum nake nunawa ba, hanya nake nunawa," in ji ta.

Hanyar tana da suna, kuma tana zaune a gabanta da kofi a hannu.

Sai Maritza ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa, ido a tebur. Wai a shekara uku duk abin da ya wuce barandar mai kama da na da ne. Wai wani kamfani a Cali ya neme ta tun Disamba, ta ce su ba ta lokaci zuwa ƙarshen Maris. Néstor bai yi mamaki ba. Ashe ya sani. Ni kaɗai ce baƙuwa a ɗakin.

Na ce in tana ganin ta fi mutumin da ya kafa kamfanin sanin takalmi, hanyar Cali a buɗe take. A mota Gilberto ya kunna rediyo har muka iso gari.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Jan zare. Har a kasuwa ina zaɓen tumatir ina ganinsa.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Dole in rubuta wannan.

Jiya Néstor ya kai matar nan gidan Baba. A bayan idona, ranar aiki, lokacin da ya san ina fama da masu kawo fata. Yau da hantsi ta shigo ofishina ta rufe ƙofa da kanta.

"Na gaida Don Ovidio. Mutum ne mai daɗin hira. Na tambaye shi me ya hana shi son koren takalmi."

Na ci gaba da juya takardun da ke gabana.

"Ya ce wane koren takalmi."

Na ce tsoho ne, yana mantuwa. Na ji kunyar maganar tun tana bakina, don Baba har yau yana iya lissafo sunan duk wanda ya taɓa yi masa aiki. Ta ce ba mantuwa ba ce, ya ɗaga mata hannun ya nuna mata.

Na ce to sai ta je ta buga a allo da jan zarenta, ta karɓi ladanta ta koma Bogotá.

"Ba zan rubuta ba, Doña Amparo. Ba aikina ba ne in tona miki asiri. Amma ba zan kuma rubuta cewa Don Ovidio ne ke zaɓen takalma ba. Akwai abin da ya kamata ki sani. Ba daga bakinsa na fara ji ba. Cikin mutum goma sha huɗu da na zauna da su, tara sun faɗa mini tun satin farko."

Tara. Masu yanka, masu ɗinki, mutanen da na riƙe wa 'ya'ya a coci ranar baftisma. Kowace Litinin ina tsaye a gabansu ina cewa Baba ya ce, suna gyaɗa kai, ashe kallona kawai suke yi. Shekara nawa? Ban tambaya ba. Da ta faɗa da na jefe ta da katakon ƙafar da ake ɗinka takalmi a kansa, wanda ke kan teburina.

Da za ta fita ta ce wai ba wanda ya faɗa da mugunta, wai da yawa sun ce idona ya kai na tsohon. Ta riƙe alherinta.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Na tare Néstor a ɗakin ajiyar fata, inda ba mai jin mu.

Na ce tun yaushe. Ya ce tun Kirsimetin da ya wuce na bara, ya dawo ɗaukar makullinsa ya hango mu ta taga, Baba yana barci ina lanƙwasa takalmi.

"Shi ne ka kasa faɗa mini, sai da ka ɗauko 'yar Bogotá ta zo ta faɗa?"

"Amparito, wa ya isa ya faɗa miki magana? Ke kin taɓa barin wani ya kai ƙarshen zance?"

Ban bar shi ya kai ƙarshen wannan ba ma. Na ce masa lokacin da yake Medellín yana koyon zana akwatuna a allo, ni nake wanke Baba, ni nake riƙe mutum sittin kada su watse. Ya ce ya sani. Ya ce shi ya sa bai yi magana ba, kuma shi ya sa Maritza za ta tafi. Matsoraci. Tun yana yaro in ya fasa kofi sai ya jira wani ya gano.

Lahadi, 3 ga Maris

Na kai kwalin don kada matar Néstor ta yi tambaya. Ban buɗe ba.

A baranda na ce, Baba, me ya sa ka faɗa mata? Maganarsa a hankali take fita yanzu, sai an jira.

"Ta tambaye ni, mija."

Shi ke nan. Shekara uku ina tsare masa suna, ya sayar da ni don an tambaye shi. Na zauna ina huci, shi yana kallon gwabarsa. Can ya ƙara da cewa, "Ke ba ki taɓa tambayata ba."

Na tashi na je na wanke kwanukan da an riga an wanke.

Talata, 5 ga Maris

Ta gabatar da sabon tsarin. Shafi talatin, amma magana ɗaya ce: an kashe kwalin Lahadi. Daga yanzu samfur teburin Talata zai hau, mu huɗu, kowa ya faɗi ra'ayinsa da dalilinsa, a ɗaga hannu. Ɗakin aiki yana hannuna kamar da, kuma in takalmi ba zai ɗinku ba ko zai cuci ƙafa, ina da ikon tsayar da shi, amma sai na nuna inda matsalar take. Launi da fasali na Maritza ne. Baba an ba shi wani dogon suna na girmamawa wanda ba ya cin komai.

Ta cika alkawari, ba ta ambaci baranda ba. Ta ce kawai lokaci ya yi da za a sauke wa Don Ovidio nauyi. Kowa ya gyaɗa kai da fuskar coci. Munafukai, har da ni.

Gilberto ya matso kunnena ya ce, "Comadre, ko ba komai yanzu kya ci abincin Lahadi da hannu biyu." Don dai ni na riƙe masa 'yarsa ta fari ranar baftisma, abin da ya sa yake kirana haka, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Ƙarfe huɗu na miƙe in ɗauki kwali. Sai da na kai ƙofar Maritza na tuna.

Talata, 12 ga Maris

Taron farko. Koren yana tsakiyar tebur kamar an gayyace shi.

Néstor ya ce kowa ya yi magana. Gilberto ya ce kantunan Barranquilla sun dame shi da tambayar launi mai haske. Maritza ta yi bayaninta. Aka zo kaina. Na buɗe baki, kuma Allah ya sani "Baba" ne ya fara zuwa kan harshena. Na haɗiye shi. Doctora ta kafa ido a littafinta.

Na ce ba na son sa. Ni, Amparo. Na ce kore ba ya tafiya da kayan coci, kuma matan da ke sayen takalmanmu coci suke zuwa da su. Muryata ta fito ƙarama, kamar ba tawa ba. Shekara hamsin da biyu, ina rawar murya a gaban ƙanena.

Aka ɗaga hannu. Uku da ɗaya.

Na ji kamar in kife teburin. Maimakon haka na jawo takalmin, don hannuna ya samu abin yi, na lanƙwasa shi. Tafin lafiya lau, ban ji daɗin hakan ba. Amma igiyar, an ɗinke bakinta ta ciki, daidai inda ƙashin idon sawu yake. Na ce wannan kafin mace ta fito daga coci ya yanke ta. Na ce a naɗe bakin, a sa fatar akuya mai laushi ta ciki, a ɗaga igiyar kaɗan.

Maritza ta karɓa ta shafa wurin da yatsa. Ta daɗe.

"Gaskiya ne. Sau huɗu yana dawowa, ba wanda ya faɗa mini wannan."

Ba ta faɗa da gatse ba, shi ne abin haushin. Sau huɗu yana hannuna ban ko kai ga igiyar ba, launin kawai nake gani in mayar da shi kwali.

Juma'a, 15 ga Maris

Doctora ta tafi. Ta zo sallama, na ce ta kai takalminta a sake masa gam kafin ya kunyata ta a filin jirgi. Ta yi dariya ta ce tun ranar farko ta ga ina kallonsa. Ba na son ta. Ina so a rubuta wannan.

Sabon samfur ya fito, lamba talatin da bakwai. Dole wani ya yi yawo da shi kwana biyu kafin a yanka fata, kuma duk ofishin ƙafata ce kaɗai talatin da bakwai. Ba wani dalili. Maritza ba ta ce komai game da Cali ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Na je coci da shi. Mata biyu sun tambaye ni inda na saya, amma matan cocinmu ko buhu ka sa sai sun tambaya. Bai yanke ni ba. Igiyar dai aikina ce.

Bayan abinci na tura Baba baranda. Ba kwali, ban san inda zan sa hannuwana ba. Muka zauna. Ina shirin tashi sai na ga ba gwaba yake kallo ba, ƙafata yake kallo.

"Ciro."

Na ciro na ɗora masa a cinya. Ya juya shi da hannun hagu, ya kai hanci, ya bi ɗinkin da babban yatsa har ya tsaya a kan igiyar. Sannan ya kama dunduniyar ya miƙo mini kan takalmin.

"Riƙe nan."

Na riƙe. Muka lanƙwasa shi tare, shi da hannunsa ɗaya, ni da nawa. Abin da ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cikin shekara uku.

"Wa ya yi?"

Na ce Maritza. Na so in ƙara da maganar igiya, ban ƙara ba.

"Ki ce mata ya yi."

Har yanzu ina ganin koren ya yi yawa, kuma ranar Talata zan sake faɗa. Amma gobe da safe sai na je ofishin yarinyar nan na tsaya a gabanta na ce Baba ya ce takalminta ya yi. Karo na farko da maganar za ta zama gaskiya, kuma ban san da wane baki zan sa ta yarda ba.